Ina kuɗin Fafaroma? Yadda majami'un unguwa ke rayuwa a Yamai

Duk lokacin da aka ji cewa wata majami'ar unguwa a Yamai tana tara gudunmawa domin gyara rufi ko biyan bashin wuta, tambayar da ke fara fitowa daga bakin mutane ita ce, ina kuɗin Turawa, ina kuma dukiyar Fafaroma? Musulmi suna yin wannan tambaya, wasu Kiristocin ma suna yin ta, musamman waɗanda suka tashi a zamanin da limamin coci Bature ne mai mota, mai raba magani da littattafan makaranta. Abin da aka ɗauka shi ne cewa coci ba ya talauci, kuma idan ya yi kukan rashi to akwai lauje cikin naɗi. Gaskiyar lamarin ta bambanta da haka, domin kuɗin da ke zuwa daga waje, in ma sun zo, gini suke yi, ba su cika biyan albashin maigadi ko takardar kuɗin wuta ta kamfanin Nigelec ta ƙarshen wata ba. Waɗannan ƙananan kuɗaɗen na yau da kullum su ne ke hana ƙofa rufuwa, kuma daga aljihun masu zuwa sujada suke fitowa.

Mece ce paruwas, kuma wa ke da ikon rufe ta?

A tsarin ɗarikar Katolika, ƙasa tana rabuwa zuwa manyan yankuna da ake kira dayosis, kowanne a ƙarƙashin bishop. Nijar tana da guda 2. Akwai ta Yamai, wadda aka kafa a 1961 aka kuma ɗaga darajarta a 2007, mai kula da Yamai da Doso da Tilaberi, sannan akwai ta Maraɗi da aka kafa a 2001, wadda ta haɗa Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa. Kowace dayosis kuma tana rabuwa zuwa paruwas, wato jama'ar masu bi na wani yanki tare da limaminsu da majami'arsu. A Yamai, ban da babbar majami'ar Notre-Dame du Perpétuel Secours, akwai irin su Saint Paul a Harobanda, da Saint Gabriel a Garbado, da Sainte Thérèse a Banifandu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a dokar cocin kowace paruwas tana da dukiyarta da littafin lissafinta, ba reshen wani babban banki ba ce da ke Roma. Kundin dokokin Katolika na 1983 ya wajabta, a doka ta 537, cewa kowace paruwas ta kafa majalisar kula da kuɗi wadda mabiya ke zama a cikinta su taimaka wa limami. Doka ta 515 kuma ta ce bishop ne kaɗai ke da ikon kafa paruwas ko soke ta ko haɗe ta da wata, kuma ba zai yi hakan ba sai ya saurari majalisar limamansa. Rufe ginin majami'ar kansa wani mataki ne daban, wanda doka ta 1222 ta ɗaure da sharaɗin a sami dalili mai nauyi kuma kada ya cutar da ibadar jama'a. A 2020 Batikan, wato fadar Fafaroma, ta fitar da wata takardar umarni da ta ƙara fayyace cewa ƙarancin limamai kawai, ko halin kuɗin dayosis gaba ɗaya, bai isa hujjar soke wata paruwas ba. Kafin nan ma, a 2012, Batikan ta soke hukuncin rufe paruwas 13 a birnin Cleveland na Amurka bayan mabiya sun ɗaukaka ƙara.

Majami'un bishara, wato na Kiristocin da ba ƴan Katolika ba, irin na EERN (Majami'ar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) da suka samo asali daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM, da na Baptis da sauransu, tsarinsu ya fi sakin jiki. Yawanci kowace majami'a ita ce ke ɗaukar nauyin fastonta, kuma da dama daga cikin ƙanana gidan haya suke ciki. Irin waɗannan ba su buƙatar wata takardar hukunci kafin su rufe. Mai gida ya ƙara kuɗin haya ko ya nemi gidansa, magana ta ƙare.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Hanya ta farko ita ce baikon ranar Lahadi, wanda ake zagawa da kwando ko a fito layi a jefa a akwati. Ta biyu ita ce kuɗin shekara da ake so kowane baligi ya bayar, abin da ake kira denier du culte da Faransanci, wanda a majami'un bishara zakka ce ke tsayawa a madadinsa. Akwai kuma ɗan abin da ake bayarwa idan an roƙi a yi addu'a ga mamaci, ko lokacin baftisma da ɗaurin aure, ko da yake doka ta 848 ta hana a juya wa matalauci baya saboda ba shi da abin bayarwa. Sai bikin tara kuɗi na shekara, inda mata ke dafa abinci su sayar, a yi gwanjon kaji da raguna da atamfa, wani lokaci a sayi zakara ɗaya a kan ninkin kuɗinsa sau da yawa don kawai a taimaka.

Domin a ga yadda lissafin yake, a ƙaddara wata majami'a ce mai masu sujada 200, kowannensu ya jefa dala ashirin, wato sefa 100, kowace Lahadi. Abin da za a ƙirga shi ne jika 20 a mako, jika 80 a wata. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun daga Janairun 2024 sefa 42,000 ne, ke nan maigadi ɗaya ya cinye fiye da rabin baikon wata. Ba a zo kan wuta da ruwa ba, ba a zo kan abincin limami da man babur ɗinsa ba, ba a yi maganar ɗan alawus na katikis mai koyar da yara ba, balle kason da ake miƙa wa dayosis ko baiko na musamman da ake tattarawa a aika waje ɗungurungum. Duk wanda ya taɓa ganin ana ƙirgar baiko bayan an tashi sujada ya san yadda abin yake: mutum biyu ko uku a kan tebur suna jera dala biyar-biyar da dala goma-goma tsibi-tsibi, takardar jika ɗaya ko biyu a gefe guda, wani lokaci har da kuɗin ƙasar da ba a kashe su a nan.

Dalilin ƙarancin a fili yake. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. A Yamai, babban kaso na masu cika kujerun majami'a mutanen Benin ne da Togo da Burkina da Nijeriya, teloli da makanikai da malaman makaranta da masu gyaran gashi da ƴan aikin gida, tare da ƴan ƙasa irin su Gurmawa daga wajen Makalondi da Torodi, da Arawa daga Dogon Dutsi, da mutanen Dolbel. Baƙon da ya zo neman abinci yana da iyaye a gida da ke jiran saƙo, yana da majami'ar ƙauyensu da ita ma ke sa rai da shi, kuma ranar da kasuwa ta ƙi sai ya ɗaure kayansa. Majami'ar da ta dogara da irin waɗannan mutane, kuɗinta suna hawa da sauka ne tare da buɗewa da rufewar iyaka.

Gwamnati kuma ba ta cikin lissafin. A Jamus hukuma ce ke karɓar wa coci haraji, kashi 8 ko 9 cikin 100 a kan harajin albashin mabiyi. A Faransa, majami'un da aka gina kafin dokar 1905 mallakar hukumomin gari ne, su ne ke da alhakin ginin. Nijar ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare, kamar yadda masallacin unguwa ma jama'arsa ne ko wani mai hali ke riƙe da shi.

To ina kuɗin Turai?

Akwai su, kuma babu amfani a musanta. Mishan ɗin Katolika ya fara zama a Yamai a 1931, SIM kuma ta sauka Damagaram tun 1924, ta buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa a 1950, kuma duk wannan da kuɗin masu bi na Turai da Amurka aka yi shi. Har yau ƙungiyoyin mishan na Fafaroma, waɗanda tushensu ya koma ga aikin da Pauline Jaricot ta fara a birnin Lyon a 1822, suna raba wa dayosis-dayosis na ƙasashe marasa ƙarfi wani tallafi na shekara.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ke sa wannan kuɗi ba ya kaiwa inda ake zato. Na farko, yawancinsa ɗaurarre ne. Mai bayarwa yakan ce ga kuɗin gina aji 3, ko na rijiya, ko na karatun ɗalibai masu shirin zama limamai, kuma doka ta 1267 ta ce abin da aka bayar domin wani aiki ba a karkatar da shi ga wani. Saboda haka ana iya ganin paruwas da sabon zaure mai fenti alhali tana fama da bashin ruwa, kuma mai wucewa ba zai yarda da kukanta ba. Haka ma kuɗin da ke bi ta hannun CADEV, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika a Nijar, na aikin jinƙai ne da raya karkara, waɗanda Musulmi ne mafi yawan masu cin moriyarsu, ba na gudanar da majami'a ba.

Na biyu, rijiyar da ake ɗebowa daga cikinta tana ja baya. Majami'un Turai suna rasa masu zuwa, tsofaffin da suka saba bayarwa suna mutuwa, dayosis-dayosis na can su ma suna haɗe paruwas suna sayar da gine-gine. Akwai kuma wani sauyi da ba a cika lura da shi ba. Limami Bature na da yana da dangi da abokai da majami'ar garinsu, idan ya tafi hutu yakan dawo da abin da zai sayi mota ko ya rufa asirin shekara guda, ba tare da an rubuta a wani littafi ba. Limamin yau ɗan Nijar ne ko ɗan Burkina ko Benin, danginsa su ne ma ke sa rai da shi. Naɗa Laurent Lompo a matsayin babban bishop na Yamai, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami, bayan Michel Cartatéguy, abin alfahari ne ga mabiya, amma yana kuma nuna cewa zamanin ɗaukar nauyin kai ya zo. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma shekarun da aka yi ana dogaro da shi sun bar wata ɗabi'a: akwai masu hali a cikin mabiya da har yanzu suke jefa dala ashirin, domin a ransu coci wuri ne da ake zuwa karɓa.

Abubuwan da suka ƙara nauyin kaya

A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, tarzoma ta ɓarke a Damagaram sannan a Yamai. Mutum 10 suka mutu, kuma ƴan sanda sun ce an ƙona majami'u 45 a babban birnin. An sake gina da yawa daga cikinsu da taimakon waje, amma sabon gini ya zo da sabon nauyi: katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe, masu gadi, binciken jaka a ranakun manyan bukukuwa. Mai ba da gudunmawa yakan biya kuɗin katanga sau ɗaya ya tafi, maigadi kuwa kowane wata sai an sallame shi.

A 2020 an rufe wuraren ibada daga Maris zuwa Mayu saboda cutar korona, kuma majami'ar da ba a taru ba babu baiko. Daminar shekarar ce kuma kogin Kwara ya yi ambaliya ya cinye gidaje a unguwannin bakin kogi, ciki har da na hayin Harobanda, ya mayar da masu bayarwa masu neman taimako.

Ta ɓangaren tsaro, an sace limami ɗan Italiya Pier Luigi Maccalli a Bomoanga cikin Satumban 2018, ba a sake shi ba sai Oktoban 2020 a Mali, an kuma kai hari paruwas ta Dolbel a 2019. Ƙananan majami'u da yawa na ƙauyukan Tilaberi sun zama kufai, mutanensu sun gudo Makalondi da Torodi da Yamai. Wannan ya cika kujerun majami'un birni da mutane, amma mutanen da suka baro gonakinsu da dabbobinsu. A nan ne ake ganin wani abin da ya saɓa wa halin Turai: can majami'a na rufewa ne domin babu kowa a ciki, a nan kuwa tana iya cika maƙil har a shimfiɗa tabarmi a waje amma akwatin bai cika ba.

Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da ya biyo baya. Nijeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa, aika kuɗi ta banki ya yi wuya, farashin shinkafa ya tashi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, gwamnati ta kuma rage farashin man fetur da na siminti a cikin shekarar, amma rufewar iyakar Benin ta taɓa ainihin mutanen da majami'un Yamai suka fi dogaro da su. Ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin waje, waɗanda mutum ɗaya daga cikinsu kan jefa abin da ya fi na layi guda na talakawa, da yawansu sun bar ƙasar. Yanke tallafin Amurka na waje a farkon 2025 ya ƙara rage ayyukan ƙungiyoyin da wasu mabiya ke ci a ƙarƙashinsu.

A haɗe ko a riƙe?

Masu ganin a haɗe ƙananan majami'u suna da hujja. Suna cewa limamai kaɗan ne, kuma ya fi a sami wuri ɗaya mai ƙarfi da tsaro da a warwatsa ƙarfi a wurare da yawa masu yoyo. Masu son a riƙe suna amsawa da lissafin talaka: matar da ke da yara 4, idan aka ce sai ta tsallaka gada ko ta shiga taksi biyu kafin ta kai majami'a, kuɗin motar Lahadi ɗaya ya fi baikon da take bayarwa a wata, kuma ƙarshenta za ta zauna gida ne. Haɗewar ba ta tara kuɗin majami'u biyu wuri ɗaya ba ke nan, ta zubar da rabin mutanen ne a hanya. A ganina hujja ta biyu ta fi nauyi a gari irin Yamai, inda unguwanni ke ta faɗaɗa kuma fili idan ya kuɓuce ba ya dawowa. Akwai kuma hanya ta tsakiya da cocin ya daɗe da sani a ƙauyuka, inda katikis ke jagorantar addu'a, limami ya riƙa zuwa lokaci-lokaci, ginin ya ci gaba da aiki da ɗan abin da ya sawwaƙa.

Gudunmawar jama'a da maganar lissafi

Abin da ke riƙe da yawancin majami'un unguwa ba ya shiga littafi. Magini ya ba da ranar Asabar ɗinsa, mai walda ya gyara ƙofa bai karɓi ladan hannu ba, ƙungiyar mata ta share ta wanke, ƴan ƙungiyar waƙa su yi karo-karo su sayi lasifika, wani ya ɗauki alkawarin buhun siminti 2, waɗanda suka koma Kwatano ko Abijan ko Faransa su turo nasu ta waya bayan an yi shela a zauren WhatsApp. Wasu paruwas suna gina shaguna a jikin katanga su ba da haya, ko su sa faranti mai amfani da hasken rana don rage kuɗin wuta, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce maki 40 kuma fanka ba ado ba ce. Kowace dabara tana da haɗarinta, domin limamin da ya zama mai karɓar haya zai iya wayar gari yana shari'a da ɗan majami'arsa.

Amma matsalar da ta fi kowace sauƙin gyarawa, kuma aka fi jan ƙafa a kanta, ita ce ta bayyana lissafi. Doka ta 1287 ta ce masu riƙon dukiyar coci su ba mabiya bayani a kan abin da suka bayar. Inda ake karanta shiga da fita a gaban jama'a, ko a manna takardar wuta da ta ruwa a allon sanarwa kowa ya gani da idonsa, mutane sukan ƙara hannu, saboda sun ga ramin da ake son cikewa. Inda kuwa majalisar kuɗi suna ce kawai, limami ne ke karɓa shi ne ke kashewa, to ko da mutumin kirki ne zargi ba zai bar shi ba, kuma jita-jitar kuɗin Turawa a irin wannan duhu take samun wurin zama. Ana yawan roƙon jama'a su ƙara bayarwa kafin a nuna musu inda na baya ya tafi, alhali da an juya tsarin da an fi samun biyan buƙata.

Me ya shafi maƙwabcin da ba Kirista ba?

Paruwas a Nijar da wuya ta kasance ɗakin sujada kawai. Sau da yawa akwai makaranta a harabarta, ko ɗakin shan magani da sistoci ke riƙewa, ko ajin koyon ɗinki da yaƙi da jahilci, kuma mafi yawan yaran da ke makarantun mishan ƴaƴan Musulmi ne. Waɗannan ayyuka suna da nasu lissafin, amma suna raba katanga da maigadi da famfo da majami'ar, don haka idan ta raunana su ma sukan ji a jikinsu, ko dai a ƙara kuɗin makaranta ko a rage ma'aikata. Mai sayar da ƙosai da mai ruwan sanyi da ɗan kabu-kabu da ke jiran a tashi ranar Lahadi su ma suna cikin masu asara.

Akwai kuma taimakon da ba na kuɗi ba. A tarzomar 2015 an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, shugabannin addinin Musulunci kuma suka fito suka yi tir da ƙone-ƙonen. Majami'ar da mai unguwa ya san limaminta, wadda ake gayyatar maƙwabta bikinta kuma take aika gaisuwar salla, ba ta buƙatar kashe abin da wadda ke zaune bare a unguwa take kashewa a kan tsaro. Mabiyan da ke neman a bar majami'arsu a buɗe za su fi samun kunnen bishop idan suka je masa da takarda mai nuna mutum nawa suka yi alkawarin bayar da nawa a kowane wata, da wanda zai riƙe maɓallin akwati, da ranar da za a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a.